Jirin Da Ya Sauke Ni Daga Jirgi

Na rubuta wannan ne bayan Allah ya ba ni sauƙi, domin abokan aikina matuƙa jirgin sama, da kuma iyalansu waɗanda farar riga da hula kawai suke gani. Sunana Mansur, haifaffen Gumel. A garinmu kowa Kyaftin yake ce mini, amma gaskiyar magana ni mataimakin matuƙi ne, kujerar dama nake zama. Lokacin da ciwon nan ya same ni, saura ƙiris a tura ni horon da zai kai ni kujerar hagu ta kyaftin, abin da na yi shekaru ina jira.

Kamfanin da nake wa aiki yana da doka a kan rashin lafiya, kuma idan ka karanta ta sai ka ce babu mai tausayi kamarsu. In ba ka da lafiya, kada ka hau jirgi, ka kira ofis a nemo wani. Amma akwai wata dokar a gefenta. Duk wanda ya kira a ƙurarren lokaci, ana saka masa alama a fayil. Idan alamun suka taru a shekara guda, sai a kira shi gaban manaja, kuma ranar da za a zaɓi waɗanda za a ƙara wa girma sai an buɗe fayil ɗin nan an duba. A shekarar ina da alama biyu, ɗaya ta zazzaɓin cizon sauro, ɗaya ta ɓacin ciki. Ciwo kuwa ba ya sanar da mutum tun jiya cewa gobe zai zo.

Da mura abin ya fara, irin wadda ba ta hana komai. Ta yi kwanakinta ta wuce. Wata safiya a Legas, inda nake zaune da matata Farida da yaranmu, na yunƙura zan tashi in yi alwala, sai ɗakin gaba ɗaya ya juya. Ba irin jirin yunwa ba. Silin ya koma gefe, ƙofa ta yi sama, gadon kamar ana jan sa daga ƙarƙashina. Na kama gefen katifa da hannu biyu, amai ya taso. Farida ta shigo da gudu tana kiran sunana, ni kuwa ko kallonta na kasa yi, domin da na motsa ido sai komai ya sake gudu.

Ranar ina da tashi zuwa Abuja da hantsi. Farida ta riƙe mini waya a kunne na kira ofishin da ke tsara mana jadawali. Matar da ta ɗauka na san ta, mutuniyar kirki ce. Na ji tana danna kwamfuta, sannan ta rage murya ta ce, "Ka san wannan shi ne na uku ko? Ba za ka iya daurewa ka yi na safen kawai ba?"

Na ce mata ko bayan gida ba zan iya kai kaina ba. Ta ce Allah ya sawwaƙe, ta kashe.

A asibiti aka yi mini hoton kai, aka ce alhamdu lillahi ba shanyewar ɓarin jiki ba ce, babu kuma ƙari. Wata jijiya ce a can cikin kunnen hagu, wadda take gaya wa ƙwaƙwalwa ina ne sama ina ne ƙasa, ita ce ta kumbura bayan murar. Da na ɗan iya zama a mota, sai aka kai ni wurin likitan da ke duba matuƙa jirgi, domin doka ta ce dole in sanar da shi. Dattijo ne, ba ya yawan magana. Ya sa na tsaya na rufe ido, nan take na tafi luu zuwa hagu, Farida ta tare ni. Ya zauna ya cire tabarau.

"Zan dakatar da takardar shaidar lafiyarka," in ji shi. "Ba zan ce maka wata kaza ba, don ban sani ba. Wasu suna dawowa, wasu ba sa dawowa. Amma mutumin da jikinsa ke yi masa ƙarya a kan inda ƙasa take, ba zan ɗora masa rayukan mutane ba."

Ban ji haushinsa ba, har yau kuma ban ji ba. Gaskiya ya faɗa. Sai dai wannan kalma ta "wasu ba sa dawowa" ta zauna mini a ƙirji kamar dutse.

Zaman Legas ya gagare ni. Gidanmu a bene yake, matakala ta zame mini abin tsoro. Ƙarar janareto da hon ɗin motoci suna tayar mini da zuciya. Farida tana koyarwa, yara suna makaranta, ba ta da halin ajiye aiki, musamman da aka sanar da ni cewa bayan 'yan makonni albashina zai koma rabi, daga baya kuma ya tsaya gaba ɗaya har sai na dawo. Muka yanke shawara in tafi gida. Jirgi ba ya yiwuwa, don haka ni da na saba ratsa ƙasar nan kafin shayi ya huce, a kwance na yi tafiyar a bayan mota, da tawul a fuska da leda a hannu.

Gidanmu na Gumel babu kowa a ciki sai Yaya Kulu, yayata, wadda ta dawo bayan rasuwar mijinta. Iyayenmu sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'yanta kuma duk sun yi aure sun watse. Ita ta karɓe ni a zaure. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Mansuru, ai ban ga ka rame ba." Ba ta rufe baki ba na yi taga-taga, ta riƙo ni, ta ji nauyina gaba ɗaya a kafaɗarta. Daga nan ta kai ni ɗakin marigayi Baba.

Makonnin farko a ɗakin nan na yi su. Lokacin bazara ne, zafi kamar ana hura wuta, amma ban iya fita tsakar gida in sha iska ba. Yaya ce take kama ni zuwa bayan gida, ta tsaya a bakin ƙofa ta juya baya tana cewa, "Ka yi magana in ji muryarka." A zaune nake salla, ruku'u da sujada sai da ishara. Kunun gyaɗa da ɗan farfesu kawai cikina yake riƙewa. Ta cire labulen ɗakin saboda zanensa yana motsa mini, ta rataya farin zane. Ta daina daka a gidan, take kai niƙa maƙwabta. Mace mai ciwon gwiwa, amma ko sau ɗaya ban ji ta yi tsaki ba.

'Yan dubiya sun zo da yawa a farkon, Allah ya saka musu. Amma wannan ciwo yana da wata irin kunya. Ba ka da rauni, ba ka da zazzaɓi, kana cin abinci, fuskarka fes. Mutum zai shigo ya gaishe ka, ya ƙare maka kallo, ya fita yana tunanin wani abu daban. Ba a daɗe ba magana ta dawo kunnen Yaya cewa wai korata aka yi, ciwon rufin asiri ne kawai. Wasu suka ce ƙwaya nake sha aka kama ni. Yaya ta dawo daga wani suna idanunta jajur, ta ƙi gaya mini abin da aka ce sai da na matsa. Daga nan ƙafa ta fara ɗaukewa. Waɗanda a da in na zo hutu suke cika zaure, sai na koma jin muryarsu suna wucewa a waje.

Baffa Ilu, ƙanen mahaifinmu da ke Ɗanzomo, shi bai ɗauke ƙafa ba. Ya zo a kan babur da ƙullin magani a aljihu. Ya zauna ya dafa gwiwata.

"Ɗana, wannan ba ciwon asibiti ba ne. Mutumin da ake shirin ɗaga shi sama da abokan aikinsa, rana ɗaya ƙasa ta juye masa? Hannu ne. Akwai wani malami da ke zuwa Maigatari daga Damagaram ranar kasuwa, ka bari in kai ka."

Na ce, "Baffa, likita ya ce jijiya ce."

Ya ce, "To jijiyar wa ya taɓa ta?"

In faɗi gaskiya, mutumin da ya gaji da kallon bango ko ina aka ce ya je zai je. Ranar Alhamis muka ɗauki hanya a motar haya. Ban ma samu ganin malamin ba. Muna sauka bakin kasuwa, manyan motoci suna ta ribas, babura suna giftawa ta ko'ina, shanu da raƙuma da mutane kowa yana tafiya wani gefe daban, sai idona ya rasa abin da zai kama. Na durƙushe a gindin wata tirela ina amai. Mutane suka kewaye ni, na ji wani yana cewa, "A buge yake, da rana tsaka." Baffa ya cire babbar rigarsa ya lulluɓe ni, yana faɗa da su da muryar da ban taɓa jin yana da ita ba. A hanyar dawowa ya riƙe kaina a cinyarsa. Daga ranar bai sake maganar malami ba, sai dai duk mako ya aiko da zuma da ƙwan zabi.

Kamfani kuwa bai manta da ni ba, amma ta hanyarsa. Duk bayan 'yan makonni sai saƙo ya shigo a aiko da sabuwar takardar likita, in ba haka ba za a ɗauka na ƙi zuwa aiki ne. Don haka ni da Yaya mukan yi sammako zuwa asibiti mu bi layin kati, mu zauna a benci tare da masu nakuda da masu karaya, har rana ta take, don kawai a rubuta cewa har yanzu ina nan yadda nake. Likitocin sun yi mini kirki, amma sun ce wannan sai Kano, wurin masu duba kunne. Can ma layi ne, sai an ba ka rana, ka zo a ce likita yana tiyata, ka koma. Kuɗin mota da na gwaji suna ta fita, albashi kuma ya tsaya. Farida ce ta riƙe gidan Legas ita kaɗai. Muna waya kullum, amma kallon fuskar waya yana tayar mini da jiri, don haka ko hoton yarana ban iya kallo da kyau ba. Ƙaramar takan ce, "Abba, yaushe za ka dawo?" Sai in ce ta ba Mamanta wayar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne shirun abokan aiki. Muna da zaure a waya inda ake hira da musayar ranakun aiki. Da farko an yi ta turo addu'a. Daga baya hira ta ci gaba kamar ban taɓa zama a cikinsu ba. A nan na ga sunayen waɗanda aka tura horon kujerar hagu, ana ta taya su murna, har da waɗanda na riga shiga aiki. Wani babba a cikinmu ya kira ni sau ɗaya. Bayan gaisuwa ya ce, "Kai ma ka yi gaggawa. Da ka ce zazzaɓi ne ka kwanta mako guda, wa zai sani? Yanzu ga shi ka kai kanka." Na ce masa na gode. Na ajiye wayar na daɗe ina kallon farin zanen nan. Ban ga laifinsu sosai ba. Matuƙi ba ya son jin labarin matuƙin da aka sauke, domin yana tuna masa cewa aikinsa gaba ɗaya a rataye yake a jikin takarda guda.

A Kano wata likita mai koyar da motsa jiki ta faɗa mini maganar da ta canja jinyar. Ta tambaye ni yadda nake yini, na ce a kwance, ina kiyaye duk abin da zai tayar da jirin. Ta girgiza kai.

"Kwanciyar ce take riƙe ka. Jijiyar ba lallai ta dawo yadda take ba, ƙwaƙwalwarka ce za ta koyi aiki da abin da ya rage. Kuma ba za ta koya ba sai ka wahalar da ita. Ka nemi jirin da kanka, kullum, har ya gaji da kai."

Ta koya mini in kafe ido a kan babban yatsana ina juya kai hagu da dama, in yi tafiya ina waiwaye, in tsaya da ƙafa ɗaya kusa da bango. Ta ce in rage ƙwayar jirin da nake sha. Ranar farko da na gwada a tsakar gida na yi amai har sau biyu. Yaya ta tsaya da buta a hannu tana cewa, "Wannan wace irin likita ce, mutum yana zaune lafiya a ce ya tayar wa kansa da ciwo?" Amma washegari ita ce ta share mini gefen katanga, ta kwashe turmi da tukwane daga hanya.

Da damina ta sauka na fara fita. Bayan sallar asuba sai in bi hanyar da ta nufi Sule Tankarkar, a gefen titi, ina tafiya ina juya kai kamar mai neman abin da ya ɓata. Na san abin da masu tafiya gona suke cewa. A hanyar nan na haɗu da Baba Bitrus, wani dattijo ɗan asalin Filato da ya yi aikin ƙaramar hukuma a garinmu har ya yi ritaya ya zauna. Ɓarin jikinsa ya taɓa shanyewa, yana jan ƙafa ɗaya da sanda. Ranar farko ya tsaya ya kalle ni ya ce, "Kai ma koyon tafiya kake?" Na ce e. Ya ce, "To mu je." Ba mu cika magana ba. Shi yana fama da ƙafarsa, ni ina fama da kaina. Mukan kai wata tsamiya mu huta mu juyo. Bai taɓa tambayata ko korata aka yi ba.

Sauƙin bai zo rana ɗaya ba. Yau in tashi garau, gobe in juya a shimfiɗa abin ya dawo, in yini ina jin kamar duk wahalar banza ce. Amma gero yana tsawo a gonakin bakin hanya, ni ma tafiyata tana tsawo. Ranar da na yi sujada ta farko, goshina ya taɓa ƙasa na ɗago ɗakin bai motsa ba, na daɗe a zaune a kan darduma ban iya tashi ba. Yaya ta leƙo ta gan ni, ta koma da baya.

Ana cikin haka wata rana da la'asar Sagir ya kira ni, wani matashin matuƙi ɗan Katsina da muka sha tashi tare. Ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ya sa ya kira.

"Yaya Mansur, don Allah tsakanina da kai. Kunnena ya toshe tun shekaranjiya, ɗazu na sunkuya na ji kaina ya ɗan yi wani iri. Gobe ina da tashi da sassafe. Kuma alamuna sun kusa cika."

Na san abin da yake so in ce. Na kuma san abin da gaskiya ta jawo mini, ga ni zaune a kan tabarma a gidan ubana, babu albashi, ana ce mini korarre.

Na ce, "Sagir, ni a gado abin ya same ni, Farida ta riƙe ni. Kai in ya same ka kuna saukowa cikin hadari, wa zai riƙe ka? Ka kira su yanzu, tun da sauran lokaci. Ka je a duba kunnen."

Ya ce, "Za su kira ni gaban manaja."

Na ce, "Za su kira ka. Ka je da ƙafarka ka zauna ka saurare su."

Ya kira su. An saka masa alamar, an kuma kira shi ofis. Nasa ciwon bai kai nawa ba, cikin kwanaki ya koma aiki. Bai sake kirana ba sai da na dawo, kuma ban riƙe shi a rai ba.

Da kaka, ana yankan riɗi, na koma wurin dattijon likitan nan. Aka yi mini gwaje-gwaje iri-iri, aka zuba mini ruwa a kunne, aka juya ni a kujera, aka sa ni a ɗakin horo mai kwaikwayon jirgi aka girgiza ni yadda aka ga dama. Daga ƙarshe ya sa hannu. Kamfani ya karɓe ni, na gode musu da ba su ba wani gurbina ba. Amma zaman da manaja yana nan yana jirana, kuma an gaya mini maganar kujerar hagu sai na sake tara lokaci ba tare da fashi ba. Na tambaye shi yadda za a ce wa mutum kada ya tashi da ciwo, sannan a hukunta shi idan ya bi maganar. Ya ce shi ma ba shi ya rubuta dokar ba. Har yau a dama nake zaune.

Ga abokan aikina, abin da zan ce kaɗan ne. Jiri ba abin ɓoyewa ba ne, ko da alamunka sun cika. Ka tanadi abin da zai riƙe gidanka idan albashi ya tsaya, domin zai iya tsayawa. In aka sauke ɗayanku, ku riƙa kiransa, ko ba ku da abin faɗa. Masu rubuta dokokin nan kuma su sani, suna koya wa mutane yin shiru ne a wurin da shiru yake kisa.

Kafin in koma Legas na dawo Gumel kwashe kayana. Na je na yi wa Baffa Ilu sallama a Ɗanzomo, na yi wa Baba Bitrus a gindin tsamiya. Da safen tafiyar Yaya ta cika mini jaka da ƙuli-ƙuli da zoɓo da yaji, tana ta kai da kawo ba ta yarda mun haɗa ido ba. Direba ya yi hon a waje. Na ce, "Yaya, ba za ki raka ni zaure ba?"

Ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta ta ce gwiwarta ce ke ciwo. Na durƙusa a gabanta ina neman kalmar godiya, na rasa wadda za ta isa. Sai ta riga ni.

"Mansuru, kullum na yi salla sai na roƙa maka lafiya, Allah shaida ne. Amma tun da maigidana ya rasu ban dafa abincin mutum biyu ba sai zuwanka." Ta goge ido da bakin mayafi. "Tashi ka tafi, kada ka yi dare a hanya."

Na fito na shiga mota. Mun kusa fita daga gari na ce wa direba ya tsaya, na kira Farida na ce mata idan an yi hutun makaranta za mu zo gaba ɗaya da yara, mu yi shi a Gumel. Ta ce dama abin da take shirin faɗa mini ke nan.

Allah ya saka wa Yaya Kulu da Aljanna, ya ba marasa lafiya lafiya, na asibiti da na cikin ɗaki waɗanda ba a ganin ciwonsu.